Ustaz Ubaidullah na Zahir da Agogon da Aka Ƙone Masa

A ranar Lahadi, 19 ga Rajab 1446, wadda ta yi daidai da 19 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Ustaz Ubaidullah ɗan Abdulwadud, tsohon malamin Turanci a makarantun sakandaren Makka, mazaunin unguwar Zahir. Ya rasu yana da shekara saba'in da 'yan kai, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Babbar 'yarsa Salwa ce ta kira ni da hantsi daga asibiti, ta kira ni Ammi, wato baffa da Larabci, ta ce, "Ammi Falalu, Baba ya tafi." An yi masa salla a Harami bayan La'asar, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar Shara'i. Dukanmu mallakar Allah ne, kuma wurinSa kowa ya nufa, mai gaskiya da maƙaryaci.

Yaya Ubaidu, na zo garin nan daga Haɗejiya a farkon shekarun casa'in, ɗalibi, da jaka ɗaya da Larabcin littafi wanda ba ya iya sayo burodi. Wata Alhamis ina tsaye a wani kanti a unguwar Utaibiyya, ina ta jero wa mai kantin jumloli da wasali cikakke yana dariya, sai na ji murya a bayana da Hausar Katsina: "Kai, ɗan ina ne? Ƙyale shi, bai jin wannan Larabcin naka, na cikin kitab ne." Na juya na ga dogon mutum da farar riga da tabarau. Ka saya mini abin da nake nema, sannan ka ce, "Ta'al, zo mu tai gida, yau Alhamis, akwai abinci." Ba ka tambayi wanda ya san ni ba. A mota ka gaya mini cewa kakanka da ƙafa ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratsa Sudan, ya zauna a unguwar Tandabawi a nan Makka, kuma a can aka haife ka.

Da muka shiga falon baƙi na ga wasu dogayen akwatunan katako guda uku tsaye jikin bango, kowanne ya fi ni tsawo. Na ɗauka kabad ne na littattafai. An miƙo mini gahawa ke nan sai ɗaya daga cikinsu ya buga ƙararrawa a daidai ƙeyata, na zubar da gahawar a kan kafet ɗin Hajiya Sakinatu, matarka. Ka yi dariya har ka cire tabarau. Ka ce, "Manomi ne ke maka maraba. Shi kullum shina riga 'yan uwansa."

A ranar na fara jin labarin agogunan, kuma na ci gaba da jin sa fiye da shekara talatin ban gaji ba.

A ƙarshen shekarun saba'in an tura ka karatu arewacin Ingila. Ba ka zauna a birni ba, ka kama ɗaki a wani ƙauye a yankin Yorkshire, gidan wata tsohuwa wadda mijinta ya mutu. Ka ce tun ranar da ta san kai Musulmi ne naman alade bai ƙara shiga gidanta ba, kuma da azumi ya zo sai ta mayar da cin abincinta bayan faɗuwar rana don kada ka ci kai kaɗai. A kicin ɗinta agogon yake tsaye. Wani maƙerin ƙauyen ne ya ƙera shi fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, mutumin da ke yi wa dawaki takalmi, yana kiwon tumaki, in damuna ta ba shi sarari ya zauna ya yanka faya-fayen tagulla masu haƙora da hannunsa. Hannu ɗaya ne a fuskar agogon, na awa kawai, domin manomin wancan zamani ba shi da abin yi da minti. Kullum da yamma sai an ja igiyar da ke cikinsa, nauyin darma ya hau sama, sannan ya samu ƙarfin aikin gobe. Da ƙafafun tsohuwar suka gaza, kai ka karɓi jan igiyar. Da za a kai ta gidan kula da tsofaffi, 'ya'yanta suka ce ba su da wurin ajiye tarkace, sai ta ce ka tafi da shi, tunda kai ne ba ka taɓa mantawa da shi ba. Ta jirgin ruwa ya iso Jidda. Shi ne ka sa wa suna Manomi.

Sauran biyun daga baya ka samo su, a tafiye-tafiyen hutu. Akwai Dogo, wanda sai da aka rage masa ado a ka kafin ya shiga falon. Akwai Mai Wata, mai farar fuska da aka yi wa zanen furanni, da faifai a sama mai hoton wata yana leƙowa yana ɓuya bisa kwanakin wata. Su ana murɗa musu makulli ne sau ɗaya a mako, kuma ranar Juma'a kake yi, bayan ka dawo daga masallaci.

Ba ka taɓa sha'awar na birnin Landan ba, masu ruwan zinariya da ƙyalli. Ka ce waɗannan an yi su ne don baƙo ya gani ya san mai gida attajiri ne. Na ƙauye kake so, waɗanda maƙerinsu ya rubuta sunansa da sunan ƙauyensa a fuska, wani lokaci har da kuskuren harafi. Ka kan nuna mini tsuntsun da aka zana a fuskar Manomi, ka ce, "Dubi wannan, Falalu. Mikiya ya so ya yi, kaza ta fito. Amma bai goge ba." Ka gaya mana cewa maƙeri ƙarfen ciki kawai yake yi, akwatin kuwa kafintan ƙauye ne ke haɗa shi, mutumin da ke yi musu ƙofa da gadon jariri da akwatin gawa. Kana faɗa kana dariya, ɗalibai suna dariya da baki cike da shinkafa. Zafin Makka da bushewarta suna tsaga katako, don haka kake ajiye ƙaramin kwanon ruwa a gindin kowane agogo daga ciki. Duk wanda ya taɓa zama a falon nan ya san wannan.

Kuma mutane da yawa sun zauna. Kowace Alhamis Hajiya Sakinatu kan dafa shinkafa Buhari, a sayo tsire, ɗaliban Nijeriya su cika falon har bakin ƙofa. Wanda zai rubuta takardar neman karatu da Turanci, kai kake gyara masa. Wanda matarsa ta haihu ba shi da kowa, Hajiya ce ke kwana da ita a asibiti. Ban taɓa jin ka tambayi wani ɗan wace ƙungiya ne ba kafin ka tura masa faranti. Da mijin ƙanwarka Haifa ya rasu ya bar ta da yaro ɗan shekara shida, Abdulilah, kai ka ɗauko shi ka haɗa da 'ya'yanka mata biyu, Salwa da Jannat. A gidanka ya girma. Da igiyar Manomi ta tsinke, shi ya riƙe maka bakinta kana ƙullawa. Shi ake aika ya ƙara ruwa a kwanonin nan. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau.

Abdulilah ya shiga jami'a ya fito ba tare da ya gama ba. Ya gwada sayar da wayoyi, ya gwada tuƙin motar haya, babu wanda ya daɗe a ciki, domin dukansu suna bukatar mutum ya tashi da wuri. A ƙarshe ya gano sana'ar da ba a neman shaidar karatu a cikinta, ba a kuma mayar da kaya in sun lalace. Ya tsayar da gemu, ya sayi turare da jarkokin ruwa, ya ce shi mai ruƙiya ne. Ba ina raina ruƙiya ba, karatun Alƙur'ani waraka ne, kuma na san bayin Allah masu yin ta da tsoron Allah. Ina maganar mutumin da bai iya kai suratul Mulk ƙarshe ba tare da an ɗora shi ba, amma ya san sunan kowane aljani da garin da ya fito.

A hawan benen da ke ƙasan naku akwai wani matashi mai suna Turki, da matarsa Rim, su ma jikokin Hausawa ne, ko da yake Larabci ya fi zama a bakinsu. Rim ta kamu da wani ciwo: jiri, ciwon kai, da ƙara a kunne wadda ba ta tsayawa. Turki ya firgita, aka ce masa ga ɗan'uwa mai ruƙiya, ya kira Abdulilah. Ya yi makonni yana zuwa yana ihu a kunnen baiwar Allah, ba sauƙi. Mai irin wannan sana'a kuwa ba ya cewa ya kasa, sai dai ya nemo wanda zai ɗora wa. Ya tambaye ta me take ji. Ta ce kamar ƙararrawa. Sai ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ce, "To, ina ne ake buga ƙararrawa a wannan ginin?"

Kowa ya san abin da kalmar sihiri take nufi a ƙasar nan, kuma kowane Bahaushen Makka ya san yadda ake saurin liƙa mana ita. Kakanninmu sun sha wannan zargin daga bakin waɗanda ba su san mu ba. Wannan karon ɗan gida ne ya ɗauko shi ya jefi kawunsa da shi, don kada a ce ruwan jarkarsa ba ya aiki.

Ranar da suka hau gidanka bayan La'asar ina nan, domin ka kira ni. Abdulilah ne a gaba, Turki a bayansa idanunsa sun yi ja, sai wasu ɗalibai 'yan Alhamis, cikinsu har da Yunus, wanda a lokacin yake karatun digiri na uku, kuma wanda ban taɓa ganin ya tashi daga farantinka da sauran ƙwayar shinkafa ba. Ka buɗe musu ƙofa da kanka, ka sa aka kawo gahawa. Ba wanda ya sha.

Abdulilah, wanda ke kiran ka Khali, wato kawu, ya ce, "Ya Khali, ba don cin mutunci muka zo ba. Amma rai ne a tsakani. A buɗe akwatunan nan."

Ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Ya leƙa cikin Manomi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya ja da baya yana ta'awwuzi. Ya nuna musu igiyar, ya ce ga ƙulli. Ya nuna nauyin, ya ce ga darma, kayan aikin masu sihiri. Ya ɗauko kwanon ruwan ya ɗaga sama kowa ya gani. A bayan fuskar agogon akwai 'yan rubuce-rubuce da masu gyara na dā suka karta da tsinin ƙarfe, sunayensu da shekarar da suka share shi. Ya haska su da fitilar waya ya ce hatimi ne. Sannan ya ce, "Kuma da bakinsa ya gaya mana mai yin akwatin gawa ne ya haɗa su."

Ka dube shi ka ce, "Abdulilah, ƙullin nan wa ya riƙe mani igiyar da na yi shi?"

Ya ce, "Ina yaro a lokacin, ya Khali. Ban san abin da ake sa ni ba."

Na ji ƙarya iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa jin wadda aka faɗa da natsuwa irin wannan ba. Na yi magana a wurin, na ɗaga murya har ka dafa kafaɗata. Sai Yunus ya gyara zama ya yi mana darasi. Ya ce ko ba sihiri, ƙararrawa alama ce ta coci, kuma fuskar watan nan hoto ne mai idanu, mala'ikun rahama ba sa shiga. Shekara da shekaru yana cin tsire a ƙarƙashin wannan hoton bai tuna da mala'iku ba sai ranar da ya ga inda taro ya karkata.

Turki ne kaɗai bai yi wa'azi ba. Ya durƙusa a gabanka yana kuka, ya ce, "Ammi Ubaid, matata za ta mutu. Don Allah." Shi ka duba, ba su ba. Sannan ka ce, "Khalas, shi ke nan. Ku yi abin da za ku yi."

Suka kwara ruwan gishiri a cikin ƙarafan Dogo. Abdulilah ya sa wuƙa ya kankare idanu da bakin watan da ke kan Mai Wata. Manomi kuwa, mai igiya da darma, suka ce shi ne uwar matsalar. Suka sauko da shi ta matakala kamar gawa, suka jefa a bayan motar Turki, suka kai shi bayan gari suka zuba masa fetur. Abdulilah ya ɗauki bidiyon wutar ya raba wa mabiyansa, yana kabbara. Maƙerin ƙauye ya yi watanni yana goge haƙoran tagullar nan ɗaya bayan ɗaya, wani da bai taɓa haɗa ko kujera ba ya gama da su kafin Magariba, ya kuma kira abin nasara.

Rim ba ta warke ba. Da aka ga haka sai aka ce akwai sauran abin da ka ɓoye. Wani, wanda har yau bai da ƙarfin halin faɗin sunansa, ya kai ƙararka wurin hukuma. Aka kira ka aka yi maka tambayoyi, aka zo aka duba gidan, ba a ga komai ba sai agoguna biyu da suka lalace, aka ba ka haƙuri aka sallame ka. Hukuma ta wanke ka, amma unguwa ba ta karanta takardar hukuma. A masallaci sai ka tsaya a sahu mutumin da ke gefenka ya tuna yana da abin yi a sahun baya. Dangin saurayin da zai auri Jannat suka aiko cewa sun yi istihara ba ta yi kyau ba, ko da yake sun riga sun kama ɗakin taro. Alhamis ta zo, Hajiya Sakinatu ta dafa shinkafarta yadda ta saba, muka zauna ni da kai da tire mai isar mutum goma sha. Ka sa aka juye a robobi aka kai wa masu shara. Mako na gaba ma ta dafa. Sai da ka ce mata ta bari.

Masu karatun hadisi, masu haddace sharuɗɗan karɓar labari, waɗanda za su yi maka awa guda suna bayanin yadda ake tantance mai ruwaya, su ne suka karɓi ruwayar Abdulilah ba tare da tambaya ɗaya ba. Wasu ba su yarda da zargin ba ma, sun faɗa mini a keɓe. Tsoro suke kada a gan su a matakalar gidanka ya shafi zamansu a ƙasar. Na fi raina waɗannan a kan waɗanda suka gaskata.

Bayan wasu watanni Rim ta yanke jiki ta faɗi a matakala da rana tsaka, Turki yana wurin aiki. Maƙwabta suka leƙo suka tsaya kallo, wata ta ce a kira Abdulilah. Hajiya Sakinatu ce ta tallabe ta, kai ka kawo mota bakin ƙofa, kuka kai ta asibiti. Hoton kai ya nuna tsiro ne a jijiyar kunnenta, ya daɗe yana girma yayin da ake ta yi mata ihu. Aka tura ta Jidda aka yi aiki. Ta rasa jin kunne ɗaya, amma ta rayu, yau 'ya'yanta uku. Duk zirga-zirgar Jidda ta bayan aikin a motarka aka yi, domin motar Turki ta lalace a lokacin. Ban san yadda ka iya zama kusa da shi a wannan doguwar hanyar ba. Da na tambaye ka, ka ce, "Shi tsoro ya sa shi. Mai tsoro ba a riƙe shi."

Cikin duk waɗanda suka yi maka wannan, mutum ɗaya ce ta hau matakala ta ba ka haƙuri da bakinta, kuma ita ce ba ta da laifi. Rim ta zo da bandeji a kai, ta zauna a gefen Hajiya, ta ce, "Ammi, ƙarar tana cikin kaina ne. Ko gidan mahaifiyata na je ina jin ta. Na gaya musu, ba wanda ya saurare ni."

Ka ce, "Ma'alesh ya binti, ba komai ɗiyata. Da ƙone shi zai ba ki lafiya, da ni zan ƙyasta ashanar."

Abdulilah kuwa da labarin aikin ya kai masa, cewa ya yi ruƙiyarsa ce ta tono ciwon ya fito fili har likitoci suka iya ganinsa. Mabiyansa suka ce Allahu akbar. Har yau yana nan da jarkokinsa, ya ma ƙara ɗaki.

Ka ɗauki kusan shekara kana wanke tsatsar gishiri daga cikin Dogo, ƙarfe bayan ƙarfe, har ya tashi. Mai Wata ma ka tayar da shi, amma ba ka sake zana masa fuska ba. Gurbin Manomi ka bar shi babu komai, bangon wurin ya fi sauran haske. Sau ɗaya kawai na ji ka yi maganarsa. Muna zaune mu biyu sai ka ce, "Ba katakon ke damuna ba, Falalu. Tsohuwar nan ba Musulma ba ce, ta ba ni amana don ta ga ina salla. Na kawo shi garin Allah, nan ne aka ƙone shi." Daga nan ka canja magana. Jannat ta auri Mish'al, mutumin kirki wanda ya ji duk surutun ya ce shi ba akwati ya zo aure ba. Wasu sababbin ɗalibai da ba su san komai ba suka fara zuwa ranar Alhamis, ka karɓe su kamar yadda ka karɓe ni. Amma dariyar nan mai sa ka cire tabarau ban ƙara ganinta ba sai jefi-jefi.

A makon ƙarshe na same ka a asibiti, jiki ya yi nauyi, murya ta yi ƙasa. Ka kama hannuna ka ce, "Na san halinka. In an zauna zaman makokina, kar ka kori kowa. Duk wanda ya zo a ba shi kujera da gahawa. Na yafe masu tun tuni, ba na son in tai da kayan kowa." Na yi maka alkawari.

Sun kuwa zo, Yaya. A Harami sun yi ta turereniya a kan makararka, har ni da Mish'al da ƙyar muka samu gefen kamawa. Mutanen da suka guji kafaɗarka a sahu kana raye, ga su suna rige-rigen sa tasu kafaɗar a ƙarƙashinka. Dakta Yunus, wanda yanzu babban malami ne a gida Nijeriya, ya rubuta dogon bayani a intanet yana kiran ka mahaifinsa na Makka, ya ce a falonka ya koyi karamci. Ya haɗa da hotonsa na wata Alhamis, yana murmushi da cinyar kaza a hannu, Manomi tsaye a bayansa. Ban sani ba ko bai lura ba ne, ko kuwa kunyar ce ta ƙare masa gaba ɗaya. Turki ma ya zo. Kwana ukun zaman makokin yana tsaye da butar gahawa yana zuba wa mutane, bai zauna ba, bai kuma iya haɗa ido da ni ba. Shi na ƙyale shi.

Abdulilah ya shiga layin dangi masu karɓar gaisuwa, kusa da surukanka, ya fi kowa kuka. Da mutane suka yi yawa aka shigar da wasu falo, sai ga shi zaune ya jingina bayansa da Dogo, yana ba da labarin yadda Khali ya rene shi. Babu ta'awwuzi, babu ruwan gishiri. A rana ta uku, da jama'a suka ragu, ya matsa bakin labulen da ke tsakanin falo da cikin gida, ya sassauta murya ya ce da Hajiya Sakinatu yana roƙon a ba shi ɗaya daga cikin agogunan, ya ajiye a gidansa don tunawa da Khali. Ina jin an gaya masa yadda masu tara kayan tarihi suke neman irinsu.

Hajiya ba ta ɗaga labulen ba. Ta ce, "Ai ka riga ka ɗauki naka, Abdulilah. Je ka kwaso shi inda ka bar shi."

Ya tashi ya nemi takalminsa.

Na cika maka alkawari, Yaya Ubaidu. Ban kori kowa ba, da hannuna na miƙa wa wasunsu kujera. Kai ka yafe, kuma haƙƙinka ne, ba wanda zai karɓe maka wannan ladan. Amma kora ka hana ni, ba ka hana ni faɗin abin da idona ya gani ba, kuma ba zan bari waɗanda suka ɓata sunanka su zama su ne masu ba da tarihinka ba.

Ya Allah, ga bawanKa Ubaidullah ya zo gare Ka. Ya ciyar da baƙo a garinKa, ya reni maraya, an zalunce shi ya yi haƙuri, an ƙi shi bai rufe ƙofarsa ba. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sanya jinyarsa da abin da aka yi masa su zama kankarar zunubi. Ka tashe shi cikin maƙwabtan ɗakinKa na gaskiya, Ka sada shi da iyayensa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sakinatu, wadda ta tsaya tare da shi lokacin da unguwa ta juya baya. Ga Salwa da Jannat da mazajensu da 'ya'yansu. Ga ƙanwarsa Hajiya Haifa, wadda ba ta da hannu a abin da ɗanta ya yi, kuma ta fi kowa shan ɗacinsa. Da dangi na Tandabawi da Jidda da Katsina. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya girmama ladanku, Ya tsare muku bayansa. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.

Falalu Ɗanjuma Haɗejiya
Utaibiyya, Makka